Wane Irin Zane?

Takardar jami'a ta iske Silvanus a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, cikin daminar 1975, yana tsakiyar rubuta buhunan busasshiyar citta da za a ɗora zuwa Fatakwal. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ya sa a aljihu, ya ci gaba da aikinsa. An ɗauke shi karatun digiri a Zariya, fannin zane-zane da sassaƙa. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, amma da ya samu sai ya ji kamar ɗaya daga cikin buhunan nan aka ɗora masa a ka.

Silvanus akawu ne, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba. Sai dai hannunsa ba ya zama lafiya. Tun yana firamare yake zane da gawayi a bangon ɗakin mahaifiyarsa, da ya girma kuma ya koma bayan tsofaffin takardun ofis. Babu leburan tashar da bai zana ba, har da mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Mutane su kalla, su yi dariya, su ce wallahi wane ne, wani lokaci a ba shi goro. Iyakar abin da zane ya taɓa kawo masa ke nan.

Ya nemi sikolashif, amma layin masu nema dogo ne, masu karatun likita da injiniya suna gaba. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji da ma'aikata suka samu kuwa, nasa ya riga ya zama kwanon rufi a ɗakin mahaifiyarsa da keke guda. Saura bashi. Ya auna maganar ta kowane gefe, irin aunawar akawu. In ya tafi, shekara huɗu ba albashi, ga shekarar bautar ƙasa a kai. In ya gama, mafi kusa ya zama malamin zane a wata sakandare. Albashin zai fi na yanzu, amma kafin nan abokan aikinsa sun hau sama, shi kuma yana biyan abin da ya ci. Ko ta ina ya juya lissafin, zama a tasha ne ke fitowa da riba. Duk da haka ranar Asabar ya hau kekensa ya nufi ƙauyensu, Kurmin Ɓaure, don can ne kaɗai ake da kuɗin da za a iya ranta masa.

Ƙungiyar ci gaban ƙauyen tana da gonar citta ta gayya, abin da aka sayar kuma yana hannun ma'aji. Ana taro ranar Lahadi bayan sujada, a gindin mangwaron coci, maza a kan benci, matan zumunta a baya kan tabarmi. Ƙauyen ƙabila biyu ne, kowa da yarensa, saboda haka da Hausa ake wa'azi, da ita ake ciniki, da ita ake taro. Da da yaren gida aka yi maganar Silvanus, da sai an yi dogon bayani, bayanin kuwa da ya fito da komai fili. Hausa ta ba su kalma ɗaya gajera, suka kama ta.

Kawunsa Obadiah, wan mahaifiyarsa, shi ya miƙe ya gabatar da zancen. Dattijon ikilisiya ne, ya yi wa Turawan mishan kuku shekara da shekaru, ya kuma iya magana yadda ba za a kama shi da komai ba.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji," in ji shi, "yaron mu ya samu yunibasiti. Zai je Zariya ya karanta zane. Yana roƙo ƙungiya ya ranta masa, in ya gama ya biya."

Meshak ma'aji, wanda ko kwabo aka nema a wurinsa sai ya tambayi sunan kakan mai nema, ya gyara zama. Ya yi aikin birkila a Kaduna kafin bayansa ya hana shi.

"Zane ka ce? Ai na san su," ya ce. "Lokacin ina Kaduna, mai zane yana zuwa da mota, takarda a naɗe cikin hammata. Ɗan kwangila yana cire masa hula. Ba ya taɓa siminti, ba ya taɓa bulo. Layi kawai yana ja, a biya shi kuɗin da mu ba mu gani a shekara."

Dattawa suka dubi juna, fuskoki suka saki. An daɗe ana son gina sabon coci, domin tsohon na laka ne, yana yoyo ta kusurwa uku. Wani mai zanen gidaje a Jos da aka tuntuɓa ya yanka musu kuɗin da ya kashe maganar tun ba ta yi nisa ba. Yanzu ga nasu ɗan zai koyo. Ba a taɓa amincewa da wata bukata cikin sauri haka ba a gindin mangwaron nan. Aka ce Lahadi mai zuwa Meshak ya fito da kuɗin shekarar farko a gaban kowa. Silvanus ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ƙafar kawunsa a kan tasa, aka kuwa shiga addu'ar rufewa.

A hanyar gida yana tura keke ya ce, "Kawu, ba fa zanen gida ba ne."

"Ni na ce gida?" in ji Obadiah, ko waiwayowa bai yi ba. "Na ce zane. Takardar ka ba zane ya ce ba?"

"Amma abin da suka ji daban."

"Kunnen su ne, ba bakin ka ba. Shekara huɗu yana da yawa. Kafin nan wasu sun mutu, wasu sun manta. In kana da hankali ka leƙa ajin masu zana gida ka koyi kaɗan."

Silvanus ya koma Kafanchan da maganar a ransa. Ya yi ƙoƙarin ganin ta yadda kawunsa ya gan ta, wani lokaci ma har ta zauna masa daidai. Bai yi ƙarya ba. Kuɗin kuma zai biya, ko zanen gida ya koyo ko na doki. Amma da ya tuna fuskar Meshak tana walƙiya sai abincin da ke gabansa ya fita ransa.

Ranar Alhamis da aka tashi aiki ya biya tashar mota wurin Mijinyawa. Mijinyawa dattijo ne daga tsofaffin gidajen kasuwar garin, shi ke yi wa manyan motoci ado: zaki a baya, dawisu a gefe, addu'a a goshi. Sun saba, don Silvanus kan tsaya ya kalli aikinsa, wani lokaci ya riƙe masa gwangwanin fenti. Ya same shi a kan tsani yana gyara wa wani zaki gashin wuya, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa.

Mijinyawa ya saurara bai daina aiki ba. Da ya sauko ya goge hannu ya ce, "Malam Silba, ni ban gane ba. Ka ci bashi don a koya maka abin da ka riga ka iya? Ka zo nan mana. Hannuna ya fara rawa, fuskar mutum kuma dama ban taɓa iyawa ba, direbobi kuwa yanzu ita suke so. Abin da nake samu a mota biyu ya kai albashinka na wata. Ba jira, ba takarda, ana gamawa ana biya."

"Baba, akwai abin da ban iya ba, ban ma san sunansa ba. Shi nake so in je in gani."

"To, wannan ba ni da farashinsa," in ji Mijinyawa. Ya ɗaga buroshi ya duba bakinsa. "Amma in ka dawo suka kai ka fili suka ce ga wurin coci, zana, me za ka yi musu? Zaki?"

Silvanus ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yanzu hanya uku ce a gabansa, biyu suna da kuɗi a hannu, ta ukun da yake so kuwa tana tsaye ne a kan kalmar da aka ji ba daidai ba.

Lahadi ta zo da yayyafi, aka mai da taron cikin coci, ana kauce wa inda ke ɗiga. Meshak ya ajiye wani tsohon gwangwanin biskit a kan tebur ya buɗe. Kuɗin ba sababbi ba ne, sun sha hannu, har ƙamshin citta suke yi. Silvanus ya dubi matan da ke zaune a baya. Su suka kankare cittar nan suka tsaga suka shanya, mahaifiyarsa Selina tana cikinsu, ya kuma san yadda yatsunsu kan yi in an gama aikin. Kunya ta kama shi sosai. Ya miƙe tun ba a kira shi ba, ya matsa inda ƙafar kawunsa ba za ta kai ba.

"Iyayena, kafin a ba ni, akwai gyara," ya ce. "Zanen da zan karanta ba na gini ba ne. Ba zan iya zana muku coci ba. Na hoto ne: mutum, dabba, itace, abin da ido ke gani. Akwai kuma aikin yumɓu da sassaƙa."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga cikin kwanon da aka tara a kusurwa. Obadiah ya tsura wa rufi ido kamar yau ya fara ganin yoyon.

"Hoto," in ji Meshak a hankali. "Mai kyamara a Kafanchan yana yi da sule nawa? Ka tsaya, ya danna, gobe ka karɓa. Shi ne za a karanta shekara huɗu?"

"Shi ne."

"In ka gama, nawa za su biya ka?"

Silvanus ya faɗi gaskiya: albashin malamin sakandare, in an dace. Ya ƙara da cewa bashin zai biya, amma ba da sauri ba, kuma kada kowa ya jira mota. Wani dattijo daga bencin baya ya ce shi dai wannan aikin yumɓun ne bai kwanta masa ba, domin irin kawunan da ake tonowa a ramukan kuza wajen Nok ai gumakan mutanen da ne, ba a fito daga duhu don a koma da kuɗin ƙungiya ba. Wasu suka gyaɗa kai. Meshak ya mai da murfin gwangwani ya danna shi da tafin hannu. Silvanus ya zauna, ya ji ransa ya yi sanyi kuma ya yi nauyi lokaci guda. Ya riga ya fara tunanin buhunan da ke jiransa ranar Litinin.

Sai Kambai ya yi gyaran murya. Shi ne mafi tsufa a ƙauyen, bai shiga coci ba sai da gashinsa ya yi fari, ko yanzu ma rabin wa'azi barci yake yi. Ba ya yawan magana a taro, saboda haka in ya yi ana saurare.

"Yaro, mai kyamara sai mutum yana tsaye a gaban shi, ko?"

"Haka ne, Baba."

"Kai fa? Mutum wanda ba ya nan, za ka iya?"

"In an kwatanta mini, zan gwada."

"To zana mini uban ka."

Jonathan, mahaifin Silvanus, maciji ne ya sare shi a gona tun Silvanus yana goye. Lokacin kyamara ba ta iso Kurmin Ɓaure ba, ba shi da hoto ko ɗaya, kamar dai duk waɗanda suka mutu a zamanin. Silvanus bai san fuskarsa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Kambai kuwa a gabansa marigayin ya tashi, tare suka yi farauta.

Aka ciro kalandar coci daga bango aka kifa ta a kan tebur. Silvanus ya zaro fensirin ofis daga aljihu. Kambai ya fara: goshi mai faɗi, ido ƙanana, wuya dogo. Wani ya ce a'a, wuyan ba dogo ba ne, ramar da ya yi ce a shekarar fara. Obadiah, wanda ya ga iska ta fara juyawa, ya matso ya ce shi surukinsa ne, ya fi kowa sanin hancin, hancin nan a baje yake. Mai maganar gumaka ma ya taso ya ce akwai wushirya, kada a manta da wushirya. Kambai ya ɗora yatsu biyu a kuncinsa ya ce, "Yana da zane nan, guda biyu, irin na gidan su." Silvanus yana ja yana gogewa, gumi yana keto masa duk da sanyin ruwan. Inda bayani ya saɓa sai ya bi wanda ya fi ƙarfin murya, inda babu bayani ya cike da abin da ya ga ya dace. Sannu a hankali wani mutum ya fito a bayan kalandar, yana kallonsu.

Dattawa suka kewaye tebur. Kambai ya ce idonsa ya yi rauni, a kira matar. Selina ta taso daga tabarma, ta gyara ɗaurin zanenta, ta tsaya a gaban takardar. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta gyaɗa kai.

"Shi ne," ta ce, ta koma wurin zamanta.

Wata tsohuwa ta ja dogon numfashi ta ce ita ma mijinta ba shi da hoto. Mai maganar gumaka ya ce da uwarsa fa, wadda ta rasu shekarar da aka kawo layin dogo. Kowa a ɗakin ashe yana da wanda ya tafi ba a riƙe fuskarsa ba, jikoki suna tambaya ana cewa ya yi kama da wane, wanen ma ya tsufa ya canza. Aka yi ta magana har ruwa ya ɗauke. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a ba da bashin. Zai biya daidai yadda ya karɓa, domin ƙungiyar Kirista ba ta cin kuɗin ruwa. Sai dai duk hutun da ya zo gida zai zauna da tsofaffi, gida gida, ya zana musu matattunsu.

"Wato ruwan bashin ke nan," in ji Meshak yana buɗe gwangwanin da fuska a ɗaure. "Coci kuma ya ci gaba da yoyo."

"Ni dai ka fara da ni tun ina nan," in ji Kambai. "Ba na so in na tafi a zauna ana gardama a kan hanci na."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka miƙa wa Silvanus kuɗin ƙulle cikin hankici. Murna ta cika shi har bai san me zai yi da hannuwansa ba. Ya faɗi gaskiya kuma ya samu, abin da bai taɓa fitowa a lissafinsa ba. Obadiah yana gaya wa na kusa da shi cewa dama shi ya san yaron zai yi bayani da kansa.

Da la'asar Silvanus yana ɗaure kayansa a bayan keke zai koma Kafanchan, mahaifiyarsa ta fito da ƙunshin gyaɗa. An bar mata takardar kalandar, ta ajiye ta a kan tukunyar ruwa. Ta miƙa masa gyaɗar, ta tsaya tana kallon yadda yake ja igiya.

"Mama, kin ga Baba ya dawo gida," ya ce yana murmushi.

"Ba shi ba ne," in ji Selina.

Ya saki igiyar.

"Bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Wancan wani mutum ne mai kyau, ban san shi ba. Baban ka ba haka yake kallon mutum ba." Ba faɗa take yi ba, da muryar da take gaya masa farashin gishiri take magana. "Da na ce ba shi ba ne, Meshak ba zai buɗe gwangwani ba."

"Mama, a cikin coci kika faɗa."

"Na sani. Wannan nawa ne da Ubangiji, ba naka ba." Ta sunkuya ta ɗauki igiyar ta sa masa a hannu. "Ka je ka koyo abin da ka ce ba ka iya ba, ka zo mu zauna ni da kai, ba da su Kambai ba. Amma kada ka daɗe. Da can in na rufe ido ina ganin shi duka. Yanzu goshin ya tafi, sai baki da ido nake samu."

Silvanus ya ƙarasa ɗaurin. Ya taɓa aljihu ya ji hankicin yana nan, ya yi mata sallama, ya hau keke. Hanyar ta yi taɓo, saboda haka ya sauka ya tura har ya kai kwalta. Washegari da ya isa ofis, kafin ya taɓa buhu ko ɗaya, ya nemi farar takarda ya rubuta wasiƙar ajiye aiki.